Rijiyar da Kaka Ya Rufe

Kawu Sale,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna Ladi da yara, yaya ruwan Fatakwal?

Kawu, hankalina ba a kwance yake ba. Na gama gyaran gidan gonar Kaka, na rufa kwano, na ƙara ɗaki bayan rumbu, muka saki hayar Samaru muka tare. Shekaranjiya matata Hauwa tana shara, sai daɓen sabon ɗakin ya lotsa ƙarƙashin ƙafarta. Ta buga taɓarya, ƙasa ta amsa kamar ganga.

Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce akwai rijiyar da Kaka bai cike ba, itace kawai ya jera a bakinta ya zuba ƙasa. Ko a ɗakin take ko a tsakar gida, ya manta. Ga damina ta kankama.

Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ja ruwanta, wayarka kuma ba ta shiga. Don Allah ka tuna wajen, ka aiko mini.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Autanmu ya fara tafiya, Kawu, ko'ina takawa yake.

Ɗanka,
Isiyaku