Shamakin Mayaƙan Gidan Oshida

Ƙauyen Nakashinden, Toyama
Watan Nuwamba, 1947

Zuwa ga Yayana Kanekichi,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hatsuno da yara, ina kuma fatan gonarku ta auduga a can Brazil ta yi albarka bana. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Inna sai na roƙa muku lafiya da nisan kwana. A nan mun gama girbin shinkafa, kanyar da ke bayan gidanmu ta nuna har rassan sun sunkuya, ƙanƙara kuma ta fara sauka a kan duwatsu. Mijina Masakichi, wanda har yau a hoto kaɗai ka san shi, yana gaishe ka. Baba yana nan da ransa. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran, domin an zubar da jini a gidanmu.

Tun da bama-bamai suka ƙone birnin Toyama, mutanen birni suke zuwa ƙauyuka da kayan gadonsu a goye suna neman shinkafa. Maƙwabta suna karɓar rigunan siliki da agogo, amma shi Baba ransa ya faɗa kan byobu, shamakin nan na katako da takarda mai ganye shida da ake naɗewa. Ka tuna yadda tun muna yara yake tsayawa a ƙofar gidan mai gonarmu yana leƙen nasu. Yanzu ya tara su har ɗakin baƙi ya cika, kuma ba ya son na furanni ko na tsuntsaye, sai na mayaƙa. Wanda ya fi so shi ne na wata tsohuwa, Uwargida Oshida, da ta turo shi a amalanke bara a tsakiyar sanyi. An shafe shi da ruwan zinariya, an zana dawakai suna kutsawa cikin teku, kibau kamar ruwan sama, ga wani jarumi a ganye na huɗu ya danne wani yana yanke masa kai. Duk baƙon da ya shigo, ko mai kawo wasiƙa ne, sai Baba ya zaunar da shi a gabansa ya nuna masa jarumin nan, kamar kakanmu ne.

Ranar walimar gama girbi, da rana tsaka, maza sun cika ɗakin baƙi suna shan giyar shinkafa, an buɗe shamakin a bayan Baba kusa da murhun tsakar ɗaki. Ina kai tuwon shinkafa sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa cikin tsohuwar rigar soja, ƙasusuwan fuskarsa duk a waje. Ya ce sunansa Kuniaki, ɗan Uwargida Oshida ne, kwanan nan aka sako shi daga sansanin fursunoni na Saberiya. Ya durƙusa a ƙasa, bai ma hau tabarma ba. Ya ce an gaya wa mahaifiyarsa ya mutu, shi ya sa ta rabu da shamakin, ta ga babu sauran wanda za ta bar wa. Ya ce bai zo da zargi ba, shinkafarmu ce ta raya ta. Roƙonsa kawai Baba ya bar shi ya yi mana aikin gona, shekara nawa aka ga dama, ya fanshi abin da mahaifinsa ya mutu yana kallo.

Da Baba ya ce a'a kawai, da mutumin ya tafi. Na ga alamar haka a jikinsa, har ya fara tattara ƙafafunsa. Amma Baba ya sha, ga jama'a suna kallo, ka kuma san bakinsa. Sai ya juya ya daki shamakin da bayan hannu ya ce, "Dubi waɗannan da kyau. Kowannensu da takobi a hannu ya mutu. Kai da ka ɗaga hannu sama aka kora ka kamar akuya, da wane ido za ka dube su? A gidana sun fi samun mutunci." Rokuzo mai niƙa ya ƙara da cewa a ba shi shinkafa loma ɗaya ya sake miƙa wuya, aka kwashe da dariya.

Mutumin ya sunkuyar da kai har ƙasa, na ɗauka ban kwana yake yi. Laujunan girbi suna rataye a jikin ginshiƙin da ke gefensa. Ban ga lokacin da ya ciro ɗaya ba, sai dai na gan shi a kan tabarma da takalmansa, ya tsallake akusa. Sara na farko ya ɗauke wa Baba kunnen hagu ya tsaga kumatunsa har haɓa. Baba ya kare na biyu da hannu, yatsu biyu suka faɗa cikin kwanon miya. Jini ya yi tsiri har jikin zinariyar. Masakichi ya rungume Kuniaki ta baya, laujen ya yanke wa mijina damtse, su biyun suka faɗa kan murhu. Tukunyar ƙarfe ta kife, tafasasshen ruwa ya zuba wa Masakichi a ƙafa, garwashi ya watsu ko'ina. Nan take ganyen ƙarshe na shamakin ya kama da wuta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni barci, Yaya. Da Kuniaki ya ga wutar sai ya yar da laujen, ya yi rarrafe ya je yana kashe ta da tafin hannunsa. Ya juya wa kowa baya. A haka suka far masa, Rokuzo da sandar ɗaukar kaya, wasu da itacen wuta, wani da taɓarya, mutanen da muka taso tare da 'ya'yansu. Suna dukansa yana ta danna hannu a kan takardar, ina jin ƙaurin fatarsa. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Na ji ƙarar ƙashi ya karye, na ji na biyu. Na yi ta ihu cewa ya ajiye makamin, ba wanda ya saurare ni, sai na faɗa a kansa. Sanda ɗaya ta same ni a haƙarƙari kafin su tsaya. Wutar ta mutu a lokacin. Shi kuma ya cika a amalanke kafin a kai shi wurin likita.

'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyi, duk ƙauyen suka faɗi magana ɗaya, cewa mahaukaci ne ya shigo da makami aka kare kai. An ɗinke fuskar Baba, yana cin abinci da hannun hagu yanzu. Ƙafar Masakichi tana warkewa, ni ma ina iya numfashi ba tare da zafi sosai ba. Abu na farko da Baba ya tambaya da ya farfaɗo shi ne ko wutar ta kai ganye na huɗu.

Bayan an ƙone gawar, Uwargida Oshida ta zo a ƙafa tun daga birni. Ta durƙusa a tsakar gida cikin taɓo, goshinta a ƙasa, tana neman gafara saboda abin da ɗanta ya yi wa Baba. Ba ta ambaci shamakin ba. Ta roƙi a nuna mata wurin da ya faɗi kawai, Baba ya aiko daga ciki cewa kada a bar ta ta hau tabarmarsa. Washegari da Baba ya tafi wankin ciwo, ni da Masakichi muka naɗe shamakin muka ɗora a amalanke, yana ɗingishi muka tura shi har Toyama. Ba mu nemi izinin kowa ba, kuma ban yi nadama ba.

Mun same ta a wata bukka ta ƙonannen kwano a bakin kogi, gefe ɗaya a buɗe iska tana shiga. Ta daɗe tana shafa wurin da ya ƙone, inda shatin hannu ya fito a jikin toka. Sannan ta ce mu taya ta tsayar da shi a gefen da iska ke shigowa. Da Masakichi ya juyo mata da zanen ciki sai ta girgiza kai ta ce, "Juya su waje, ɗana. Su tare mini iska. Na gaji da ganin maza da takubba."

Tun ranar Baba bai yi mini magana ba. Ya gaya wa maƙwabta mun sace masa kaya, ya ce bayan sabuwar shekara zai kore mu daga gidan, har yana shirin aika Rokuzo da samari su karɓo shamakin da ƙarfi. Korar ba ta dame ni kamar wannan ba. Kai ne babban ɗansa, maganarka kaɗai yake ji, takardarka ta bara ma tana ƙarƙashin matashinsa. Ina roƙonka ka rubuto masa da gaggawa ka ce ya bar tsohuwar nan da bangonta.

Ka gaishe mini da Yaya Hatsuno, ka ce mata zaren da ta aiko ya iso. Ka gaishe da Mitsuo da Yaeko, da jaririn da ban san sunansa ba tukuna, da Kawu Senzo idan kuna haɗuwa. Kada ka karanta wa yara wannan takarda. Ka kula da jikinka a zafin can.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Tsuneko