A Ceci Sauran Shanu Uku na Kogonmu Kafin Asabar

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da aka ɗora wa amanar kayan tarihi a shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da rusunawa gwargwadon matsayinka, ranka ya daɗe, ni ne Lawwali, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Dutsi ta shiyyar Daura, wanda ya naɗa kansa Sarkin Kogo ba rawani ba albashi. Na ɗauki alƙalami cikin alhini, domin musiba ta auku, kuma da hannuna a ciki.

Na farko. A bayan garinmu akwai kogo, a bangonsa akwai jajayen shanu goma sha ɗaya masu dogayen ƙahoni. Ba wanda ya san hannun da ya zana su. Kakana, Baffa Jauro, a nan yake fakewa idan ruwa ya tare shi wajen kiwo, kuma ya ce kakansa ma haka ya tarar da su. Yakan ce wannan ne kaɗai garken da fari da ciwon bushiya suka kasa taɓawa.

Na biyu. Saboda son a sani, na ɗauki hotonsu na watsa a waya, na raɗa musu suna Taskar Al'ummomin Farko. Sai jita-jita ta bazu cewa manyan baƙi na tafe daga birni. Ka san al'adarmu: in babban mutum zai zo, ba a barin dutse ko gindin bishiya sai an shafe shi da farar ƙasa. Kwamitin tarbar baƙi ya fara daga bakin hanya, bai kuma ga dalilin tsayawa ba. Ranar Laraba, ina can Mashi, aka shiga kogon da bokiti. Da farar ƙasa ta ƙare aka cike da farin fenti. Shanu takwas suka shuɗe. Da na dawo na ɗaga murya, shugaban kwamitin ya ce, "Kai ɗan nan, so kake baƙi su ce mu ƙazamai ne?" Baƙin kuwa har yau ko ƙurarsu ba mu gani ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Kwamitin ya yi nadama, nadamar kuwa ta fi laifin haɗari. Sun tsayar da Asabar mai zuwa za a kankare bangon da burushin ƙarfe da kananzir, sannan wani gwanin zanen bayan manyan motoci ya mayar da shanun da jan fenti. Ukun da suka tsira ma za a bi su da fentin, wai don kada su yi kama da tsofaffi. Gwanin ya yi alkawarin ƙara zaki da bishiyar dabino kyauta.

Ranka ya daɗe, ni mai raha ne, amma Baffa bai san an yi ba. Ƙafa ta gaza masa, kullum yana roƙona in kai shi ya gaida garkensa kafin damina ta wuce. Sau uku ina ce masa babur ya lalace. Jiya ya dube ni ya ce, "To ka goya ni mana."

Don haka ina roƙo, cikin ƙasƙantar da kai:

A aiko wa mai gari takarda mai hatimi da ke hana kowa taɓa bangon, ta iso kafin Asabar, don maganata ba ta da nauyi a gaban dattawa. A turo masani ya duba ko takwas ɗin suna nan da rai ƙarƙashin fentin. Kada kuma a hukunta kwamitin, karamci ne ya yi musu yawa.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi girma. In za ka zo da kanka, ka zo shiru kamar mai cigiyar akuya. Kada a aiko da sanarwa, domin akwai sauran fenti rabin bokiti a zauren mai gari.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa takardar nan ta riga burushi isa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawwali jikan Jauro,
Sarkin Kogo mai murabus.