Karen Kan Soro

Puebla, 20 ga Nuwamba, 1994

Ƙanena Leobardo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Herminia da yara. Bayan haka, ga karen nan Capulín na ba direban motar Atlixco ya kawo maka, tunda ka dame ni da roƙo. Cikin duk karnukan da na ƙwato daga hannun azzalumai na sama musu gida, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar baƙin nan.

Mahaucin layinmu ne ya ɗora shi kan soro tun yana ɗan kwikwiyo, ya janye tsani. Can ya girma, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Ranar da na hau, sarƙa ta nutse cikin naman wuyansa, zafin siminti ya toye masa tafin ƙafa. A kafaɗa na sauko da shi, da wannan ciwon bayan nawa. Da na ajiye shi a tsakar gida sai ya ƙame yana rawar jiki, don bai taɓa taka ƙasa ba. Damina guda na yi ina zaman dirshan da guntun tortiya, gurasar masara, a hannu kafin ya yarda ya tako zuwa wurina.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ka rantse mini da kabarin Mama: ba zai sake hawa soro ba, ko na yini ɗaya. Ranar Waliyyi Antonio ka kai shi coci a yayyafa masa ruwan tsarki tare da sauran dabbobi, ka aiko mini da hoto.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Otilia

Atlixco, 22 ga Janairu, 1995

Yaya Otilia, uwar karnukan Puebla,

Ina gaisuwa da ladabi, Herminia ma tana gaishe ki. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki ya zama maigida, ni na koma ɗan haya. Ƙarƙashin keken ɗinkin Herminia yake kwana, wake kuwa sai an sa masa romo yake kallonsa. Mun kai shi coci, muka bi layi bayan wani zakara da akuya, limamin cocin ya watsa masa ruwa ya yi atishawa, kowa ya yi dariya. Ga hotonsa nan da jan ƙyalle a wuya kamar ango.

Allah ya bar mu tare.
Ƙanenki, Leobardo

Puebla, 28 ga Janairu, 1995

Leobardo,

Na gaishe ka don haka aka rene mu. Hoto ya iso. Ka matso da na'urar ɗaukar hoto kusa da fuskarsa don kada a ga komai, ka yi dabara. Amma dubi bayan kunnensa na hagu. Rodi ne a tsaye, an kife masa kwalbar lemo a ka. Ni za ka yi wa wayo? A ina rodi ke tsayawa da kwalba in ba a kan soro ba, inda kake jiran ranar da za ka ɗora bene? Ni na riƙe maka tsani lokacin da ka kifa kwalaben nan.

Tun jiya hoton na gabana, na kasa cin abinci. Ba fushi kaɗai nake ji ba, kunya nake ji. Ni na saka shi a mota, yana waiwayena, ina ce masa gida za shi. Faɗa mini gaskiya: tun yaushe yake can?

Otilia

Atlixco, 4 ga Fabrairu, 1995

Yaya,

Bayan gaisuwa, to, kin kama ni. Tun kafin Kirsimeti yake sama. Ɓarayi suka haura suka ɗauke mana tukunyar gas, suka bi ta kansa yana kwance bai ce uffan ba. Daga sama kuwa yana ganin layi duka, yanzu har haushi ya koya. Cocin ma ba mu je ba, saukar da shi sai mutum biyu. Herminia ta ɗebo ruwan tsarkin a kwalba na hau na watsa masa, ai albarka ba ta san hawa da sauka ba.

Amma Yaya, ki yi mini adalci. Leƙa unguwarmu ki gani, wane gida ne babu kare a kan soro? Na Baba ma a can ya tsufa, ba wanda ya ce Baba mugu ne. Ban sa masa sarƙa ba, na kafa masa kwano don inuwa, ana miƙa masa abinci kullum. Rantsuwar nan kuwa, ke kika matsa, ni kuma na ga ba za ki ba ni shi ba sai da ita. Kare ne fa, Yaya. Kada ki bari kare ya shiga tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya.

Ki yi haƙuri.
Naki, Leobardo

Puebla, 19 ga Fabrairu, 1995

Leobardo,

Ina fatan kana lafiya. Ka gode wa Herminia da ta riƙe mini tsani ranar da na zo ɗauke Capulín, tunda kai aiki ya taso maka da ka ji sallamata.

Mun iso lafiya. Na ajiye shi a tsakar gida, a wurinsa na da, kusa da tabarmarsa. Bai shinshina ta ba. Ya wuce ni, ya bi matakala shi da kansa, ya hau kan sorona ya kwanta a jikin tankin ruwa. Na kira sunansa, na zauna a ƙasa da tortiya a hannu har ta bushe. Ya leƙo ya dube ni, ya koma ya kwanta. Yanzu ya yarda can ne wurinsa, abin da mahauci ma bai iya koya masa ba.

Na kai katifata sama, can nake kwana. Kada ku zo bikin Ista, babu mai sauka ya buɗe muku ƙofa.

Ka huta lafiya.
Otilia