Na Goge Muryoyin Dattawa Daga Kwamfutar Mahaifina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don zagin da na yi wa kaina ya fi wanda kowa zai yi mini.

Ni matar aure ce, ina koyarwa a Kazaure. Mahaifina tsohon malamin dabbobi ne, ya yi ritaya yana zaune a ƙauyenmu a ƙasar Roni. Tun yana aiki yake bin rugage da ƙauyuka da 'yar rikodarsa yana ɗaukar maganar dattawa a kan burtali da mashaya, daga wace tsamiya aka fara, wane dutse ne iyaka, wa ya yarda, a gaban wa. Fulani sun amince da shi don mahaifiyarsa tasu ce, manoma ma sun amince don shi ma manomi ne. Da rikodar ta fara lalacewa, ni da hannuna na kwashe komai na zuba masa a laftof ɗinsa.

Bara na ari laftof ɗin zan yi jarrabawar ƙarin karatu ta intanet. Ana gobe jarrabawa manhajar ta ƙi buɗewa, wai sai an sabunta kwamfutar, sabuntawar kuma ta ce babu wuri. Na goge finafinai, na goge hotunan biki, har yanzu layin da ke nuna cikar kwamfutar ja wur. Sai idona ya kai kan folda mafi girma, an rubuta BURTALI. Da na so in ce ban san abin da ke ciki ba, amma ƙarya ce. Har na buɗe ɗaya, na ji wani tsoho yana tari yana Fulatanci, shanu na kuka a bayansa. Na ce a raina bari in tura kwandon shara, in na gama in dawo da su. Wurin bai samu ba sai an zubar da kwandon. Na zubar. Filashin da zan kwafe su a ciki fa? Acaɓa ɗaya ne tsakanina da inda ake sayarwa, me ya hana ni fita? Wallahi har yau ban da amsa, gaggawa ce kawai da son kai. Na ci jarrabawa, na mayar wa Baba kayansa, ya sa mini albarka ya ɗora a kan kabad. Idonsa ya yi rauni, ba ya buɗewa. Ni kuma na ɓoye masa abin da na yi.

Daminar nan wani ya shigar da gonarsa cikin burtali, shanu suka bi ta kan gero, aka yi faɗa har aka fasa wa mutum biyu kai. Hakimi ya kira zama. Abin da ya sa aka ajiye sanduna shi ne Baba ya miƙe ya ce muryar marigayi Arɗo da ta marigayi maigari suna wurinsa, ranar da suka zauna tare suka faɗi iyaka. Arɗon yanzu ya zo har zaurenmu, ina jin sa daga cikin gida yana cewa, "Malam, in dai muryar mahaifina ce, abin da ya faɗa na yarda, ko mu ne da asara." Manoma ma haka suka ce.

Baba ya kira ni, da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, ya ce, "Uwata, ke za ki zo ki kunna mana." Na ce batirin ya mutu sai na kai gyara. Na kai wa mai gyara a Kazaure, ya tura ni Kano. Na Kanon ya kwana uku a kai, ya ce sabon tsarin ya riga ya hau kan wurin, abin da ya iya cetowa guntaye ne masu shuuu. Ɗaya ce kawai ta fito sarai, muryar Baba yana bismillah yana cewa Arɗo ya fara magana, sai ta yanke. A shagon na fashe da kuka, mutane na kallona.

Sau biyu ke nan ana ɗaga zaman saboda ni. Yanzu an fara ƙus-ƙus. Manoma na cewa Baba ya ɓoye ne don ya kare dangin uwarsa, wasu Fulani kuma na cewa ya juya musu baya. Mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba, a masallaci wasu sun daina ba shi hannu. Maigidana, wanda shi kaɗai na gaya wa, ya ce in ce kwamfutar ce ta cinye da kanta, wa zai gane? To in na faɗi haka, wa zai yarda ba Baba ne ya shirya ba? In kuma na faɗi gaskiya, yana da hawan jini, in ya faɗi fa? Kuma ko na tsaya gaban Hakimi na ce ni ce, ba cewa za a yi 'ya ce ke rufa wa ubanta asiri ba? In aka koma faɗa aka rasa rai, a wuyan wa?

Jiya na je gaishe shi da niyyar in faɗa. Na durƙusa, sai na tsaya a gaisuwa kawai. Ya ga fuskata, ya zaci gajiyar zirga-zirga ce, ya ce, "Kada ki takura wa mai gyaran, Uwata. Abin da ke hannunki ban taɓa jin tsoro a kansa ba."

Hakimi ya ce zaman ranar Alhamis ne, ba za a sake ɗagawa ba. Yau Litinin. Don Allah jama'a, me zan yi?