Addu'ata Ta Wuce Inda Na Aike Ta

Zuwa ga sanyin idona, mai gangar cocinmu, makanikena mai baƙin farce da farar zuciya, inuwata a tsakar rana, ruwan randata lokacin zafi, wanda ko minsharinsa daɗi yake min a kunne!

Takardarka ta same ni a kan keken ɗinki, sai da na haɗe wuyan rigar mutane da hannunta don ruɗewa. Wai makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta ɗauke ka, shekara uku, tafiyar yini biyu a mota, kuma in na ce kar ka je, za ka yaga takardar makarantar ka koma garejinka. Lallai ma! Wato ni za ka ɗora wa wannan kaya?

To, tsaya ka ji laifina. Ka tuna taron addu'ar Larabar nan, da matar fasto ta ce mun cika roƙon Allah kamar masu aron gishiri a maƙwabta, mu buɗe baki mu roƙi babba? Ta raba mu biyu-biyu, kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayyane, sai ga ni ga ka a bencin ƙarshe, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Na kama hannunka mai warin man inji. Na runtse ido, na ɗaga murya don mata su san ni ma na iya: Ubangiji, ka girgiza bawan nan naka, ka tumɓuke shi, ka dasa shi inda zai ba da 'ya'ya! Har matar fasto ta ce amin sau uku.

Masoyina, Allah ya sani, abin da nake nufi bai taka kara ya karya ba. So nake ka daina gyangyaɗi a bayan ganga in an fara wa'azi, ka kuma sami bakin zuwa gaban Baba neman aurena. Shi ke nan fa! Inda nake so a dasa ka bai wuce falonmu ba. Shekara nawa ina roƙon sabon keken ɗinki, shiru kake ji, amma wannan ko wata bakwai ba a yi ba aka amsa?

Da ka daina barcin, ka fara rubuta ayoyi a bayan kwalin batir, ni ce mai hura hanci. Da ka je ka nemi gafarar yayanka bayan shekara biyu ba ku ga maciji da juna, har cewa na yi aikin bakina ne. Ashe tumɓukewar ce aka fara, ni kuwa ina ta tafi!

Jiya da hantsi na rufe shago, na durƙusa cikin ƙyallaye, na kai ƙara. Na ce a duba min, ko za a rage addu'ar nan kamar yadda nake rage riga in ta yi yawa. Ina cikin mita sai taka addu'ar ta ranar ta faɗo min, 'yar guntuwa, wadda na yi sati ina jin haushinta: Ubangiji, ka koya mata haƙuri. Kai! Shekara uku ina jira! Ashe kai ma da hannunka a ciki, mugu. Da takarda ɗaya aka amsa mana mu biyu. Na yi dariya, na yi kuka, har na jiƙa yadin mutane.

Kar ka yaga komai, hasken safiyata. Je ka. Zan yi kewarka har cikin ƙashina, duk Lahadi zan kalli gangar nan a hannun wani in ji kamar in ƙwace. Amma ban iya zuwa gaban Yesu in ce ya maido min da kai ƙarami don ka dace da falonmu ba. Na roƙe shi ni ma ya girgiza ni, sai dai wannan karon na ce a hankali.

Abu biyu nake nema. Ranar Asabar ka kankare farcenka, ka zo ka ga Baba kafin ka hau mota. In kuma aka raba ku biyu-biyu a can, ka nemi namiji.

Taka yau, taka bayan shekara uku, taka har a naɗe ƙasa,
telarka, wadda aka sa makarantar haƙuri ba ta nema ba.