Ranar Alhamis 'Yar Sanda Za Ta Tambaye Ni Kan Bindigar Mijina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san mu a nan. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata uku a London, a Thamesmead muke zaune, ni da mijina da 'yarmu Amal. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min hannu ba, na fara da wannan kar a yi masa mummunar fahimta. Bara wani Bature abokin aikinsa ya fara jan sa kulob ɗin harbi duk Asabar, takarda kawai suke harbi, ni har murna na yi ya samu abin da zai riƙa fitar da shi.

Sai mahaifinsa ya rasu a Kano, bai samu jana'iza ba. Tun daga nan ya canza. Abinci sai dai ya tsakura, in ya dawo aiki ya zauna a mota awa guda bai hauro ba. Na ce mu je wajen GP, wato likitar unguwarmu, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba zai zauna gaban Baturiya yana kuka ba, addu'a ta ishe shi. Sati biyu da suka wuce bayan la'asar ina shanya a baranda, a hawa na tara muke, ya zo ya tsaya yana kallon ƙasa ya ce, "Maman Amal, in babu ni za ku fi hutawa." Na ce a'uzubillahi, ya yi dariya wai wasa yake.

To dama ya yi applying na lasisi, yana so ya mallaki tasa bindigar. Takardar likita da ake buƙata kafin a ba da lasisin ta fito fes, tunda bai taɓa faɗa wa GP komai ba. Mutum biyun da doka ta ce su tsaya masa shaidar hali kuma gaisuwar Juma'a kawai ke haɗa su. Har an kafe kabad na ƙarfe na ajiye bindigar a bango bayan kayan sawarmu.

Jiya ya ɗora min laptop a cinya yana ta fara'a, rabon da in ga haƙoransa har na manta, wai in taya shi zaɓa cikin bindigogi guda biyu masu sauƙin kuɗi, ɗaya baƙa, ɗaya mai jikin katako. Yana ta bayani, wai ƙaramin harsashi suke ci, na zomo da takarda, kuma semi-automatic ne, ba sai ka sake ɗanawa bayan kowane harbi ba. Ya ce, "Hajiya sarkin tsinto araha a kasuwar Woolwich, zaɓar mana." Wallahi na nuna mai katakon. Da yatsana na nuna.

Ranar Alhamis 'yar sanda za ta zo duba kabad ɗin, ya ce za ta so ta yi magana da ni ni kaɗai, wai kawai in ce mata lafiya lau. Na kira Mamana, ta ce kul, mace ba ta tona asirin mijinta, balle ga 'yan sandan Turawa, in suka rubuta ya rasa aikinsa fa, in suka ce za su ɗauke Amal fa? Da safen nan na roƙe shi ya bari sai baɗi, ya ce wato ni ma kallon mahaukaci nake masa, abu ɗaya da ya rage yana faranta masa shi nake so in ƙwace. Ya fita ko shayi bai sha ba.

In na yi magana zai san ni ce, babu wanda ya ji abin da ya faɗa sai ni, kuma bizata a kansa take. In na yi shiru bindigar nan za ta shigo ɗakinmu, kuma ni na zaɓe ta. Don Allah waɗanda suka san dokar ƙasar nan, in na faɗa wa matar za ta gaya masa? Akwai inda zan kai shi a taimaka masa ba tare da an tozarta shi ba? Na yarda ya tsane ni, na yarda ya sake ni, ni dai ya rayu. Kwana biyu suka rage. Me zan ce mata?