Romon da Nake Zuba wa Kwanon Ganyen ’Yata a Ɓoye

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi. Ni matar aure ce a Agege ta Legas, nan aka haife ni, nan aka kawo ni ɗaki. Maigidana mahauci ne, mahaifinsa ma mahauci ne, kuma a kwata ana jin maganarsa. Yanzu haka yana kwance da ƙafa a kumbure, likita ya ce ciwon ya fara taɓa ƙodarsa, shi da ’yarmu ko gaisuwar kirki ba sa yi. Ni na jawo duk wannan, kuma a cikinsu babu wanda ya sani.

Yarinyar ’yar farina ce, ana ce mata Ummi saboda sunan mahaifiyar maigidan aka sa mata. Tun yaye kakarta ta ɗauke ta zuwa Kano, ba ta dawo hannuna ba sai da tsohuwar ta rasu, ta zo da girmanta ta shiga makarantar koyon aikin jinya a nan Legas. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, “ke” nake ce mata. Ban taɓa zaunar da ita na ce me ke damunki ba. Maƙwabtana Yarbawa har dariya suke min, wai wace irin uwa ce ke jin kunyar abin da ta haifa. Ni kuwa haka na taso na ga ana yi, kuma ina ganin mutuncina ne.

Bayan Babbar Sallar bana, gida cike da soyayyen nama har a bokiti, ta same ni a kicin da safe ta ce, “Mama, daga yau a daina zuba min abinci, zan riƙa yin nawa. Na bar nama. Kifi da ƙwai da nono da man shanu ma duk na bari.”

Na ce, “To, Allah ya ba da sa’a.” Iyakar abin da na ce ke nan. ’Yar mahauci, jikar mahauci, ta bar nama? Yarinyar da ke tsotse ɓargo har sai ƙashi ya yi fito?

Sai ga ta da wasu faffaɗan kwanuka. Duk ƙarshen mako ta hau motar haya ta danfo zuwa kasuwar Mile 12 ta dawo da ganye niƙi-niƙi. Kuma ba haka kawai take zubawa ba, tsari gare ta kamar mai rabon gado. Rabin kwanon ganye ne: zogale ko alayyafo ko ugu na ’yan kudu da ta ɗan turara, da kabeji da karas da kokwamba. Ragowar rabin ta raba shi biyu, gefe guda acca ko gero ko shinkafar gida wadda ba a cashe sosai ba, ɗaya gefen wake, ko awarar da ta gasa a kasko. Wata rana ta ƙara gasasshen dankalin Hausa ko kabewa. Sannan ta daka ƙuli-ƙuli da riɗi, ta dama da lemun tsami da tafarnuwa da ɗan daddawa, ta yaryaɗa a kai. Gishiri da bakin yatsa take ɗiba. Ko dunƙulen ɗanɗano ba ta sawa, wai akwai naman kaza a ciki. Na ce a raina, wannan ai kwaɗon zogale ne aka ɗaura masa ɗankwali. Gaskiya yana da kyau a ido, amma ni kyan nasa ma tsoro ya ƙara min, don wanda ya koya mata wannan ba ɗan gidanmu ba ne.

Da a ce wata ’yar ce cikin ƙannenta, da na tsare ta a ɗaki sai ta faɗa min. Ita kuwa ta ina zan fara? Sai na kira ƙanwata da ke aure a Ketu. Ban gama bayani ba ta ce, “Yaya, Legas fa muke. Budurwa ta tashi rana ɗaya ta tsani nama? Ko ciki ne, ko an yi mata sammu don a raba ta da sana’ar ubanta, ko kuma ta shiga irin ƙungiyoyin nan na waya da ke canja wa yara addini. Abeg, don Allah ki buɗe ido.” Daga ranar na daina barci mai daɗi. In ta yi hamma na ce ga alama. In ta daɗe a banɗaki na kasa kunne. In wayarta ta yi ƙara ta fita baranda, sai na tsiri shanya. Salla tana yi a kan lokaci, amma har wannan na ce wa ya sani ko don idona take yi.

Ga inda na yi abin kunyar. Tana fita aji da sassafe ta dawo da hantsi ta haɗa kwanonta, sai na ce ta bar min waken da hatsin na riƙa dafa mata kafin ta dawo. Ta yi murna, har ta ce Allah ya saka da alheri. Ni kuwa gwaji na shirya. Na ce in ciki ne ko sammu, jikinta ba zai karɓi nama ba, za ta amayar. Matar mahauci ce ni, na san yadda ake sa romo ya ɓace. Na dafa ƙashi da kayan ciki, na bari ya huce, na kwashe kitsen da ya daskare a sama, na tace da farin ƙyalle har ya koma kamar ruwan shayi, na dafa waken da accar a ciki, na rufe ƙanshin da daddawa da citta. Ta dawo ta ci, ina leƙenta ta taga. Ko tari ba ta yi ba. Sai ma ta ce, “Mama, waken nan naki ya fi nawa daɗi.”

Mai hankali a nan zai tsaya, ko ba haka ba? Ni sai na ce ashe lafiyarta ƙalau, akwai dai wanda ke juya ta. Kuma na ce ba zan zuba ido jinin ’yata ya ƙone a kan ganye ba. Gwajin rana ɗaya ya zama aikin kullum.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne kwano na biyu. Kullum kwano biyu take haɗawa, ta ci ɗaya, ta juye ɗaya a kular abinci ta tare keke mai ƙafa uku ta fita. Rannan na daure, ina kallon bango na ce, “Ke, wannan kular fa?” Ta ce, “Ta wani mara lafiya ce, Mama.” Ba ta ƙara ba, ni ma girma ya hana ni ƙarawa. Na ƙulla a raina cewa saurayi ne, irin ’yan bokon nan da ke can Oshodi ko wani wuri, shi ya hure mata kunne, ga shi har ta fara yi masa girki da hatsin gidan ubanta. Wallahi da mugunta na ƙara yawan kayan cikin. Na ce shi ma ya sha romon mahautan da yake ƙyama.

Duk wannan lokacin maigidan ya daina cin abincin gida. Ya dawo ya ce ya ƙoshi a kwata, a dama masa kunu kawai. Yana ɗingishi, na tambaya ya ce saniya ce ta taka shi. Ni da nake ganin ko sauro ya gifta a gidan nan sai na san inda ya nufa, ban taɓa haɗa ɗingishin da kular ba.

Makon jiya da hantsi aka kawo shi a keke, takalminsa a hannu, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura yana sheƙi, ko zani ya taɓa wurin sai ya cije leɓe. Ummi ce ta sauko da shi, daga asibiti suke. Suka shiga ɗakinsa ta tura ƙofa. Na ɗauki tsintsiya na tsaya gindin taga.

Na ji ta ce, “Baba, gwaji ba ya ƙarya. Abin da ke cikin jininka ƙaruwa ya yi. Likita ya ce babu yadda za a yi wanda ya bar nama da romo ya koma haka.”

Ya ce, “Uwata, wallahi tun ranar da muka yi alkawari ban sa nama a bakina ba. Ina zaune ana gasa hanta a gabana, yara na miƙo min, in ce azumi nake. Abin da kika kawo a kula shi kaɗai nake ci.”

“To daga ina yake shiga jikinka? Ni da babu abin da ke damuna na bar nama don kada ka ji kai kaɗai ne, don a ce ni ce mai tsirfa, kada a gane kai ne. Kai kuma kana can kana ci a ɓoye.”

“Ɗauko Alƙur’ani in dafa.”

“Kada ka dafa, Baba. Ka bar ni da ciwo ɗaya.”

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Mara lafiyar da nake ƙara wa kayan ciki don mugunta, mijina ne.

Ta fito ta same ni a kicin, ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. Tunda na haife ta ban taɓa ganin hawayenta da girmanta ba. Ta faɗa min komai: ciwon gaɓoɓi ne da nama da kayan ciki da romo ke tayarwa, tun bayan Sallah aka gano. Shi ya hana a faɗa min, wai in na ji da safe, kafin azahar an ji a Ketu, kafin la’asar an ji a kwata, a riƙa nuna shi ana cewa ga mahaucin da nama ya fi ƙarfinsa. Maganar ta yi min zafi, kuma abin haushin gaskiya ce. Sannan ta share ido ta ce, “Mama, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi min ƙarya ba a gidan nan.” Tukunyar romon tana bayanta a rufe, ko taku biyu babu tsakaninsu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ki yi haƙuri, haka maza suke.”

Da ta fita na zubar da romon a kwatami, na wanke tukunyar har hannuna ya yi ja. Amma me ya rage? Ta daina haɗa kwanon. Ta wanke kwanukan ta kife a saman kabad, ganyen da ta sayo ya yanƙwane na zubar. In ta shiga ba shi magani ba ta kallon fuskarsa, shi kuma ya juya ya fuskanci bango. Na ji tana waya da baffanta na Kano tana tambayar ko za a iya mayar da karatunta can. Kuma akwai abin da ke hana ni sukuni. Shekaranjiya ina tsince shinkafa ta tsaya a kaina ta ce, “Mama, wai da me kike dafa waken nan?” Na ce ruwa da daddawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce “To,” ta wuce. Tambaya ce kawai, ko ta gane tana jira ta ga ko zan faɗa da bakina? Yanzu duk motsinta sai na ga kamar tarko ne, yadda ni ma na yi ta ɗana mata.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, ɗazu aka aiko da leda daga kwata: hanta da ƙoda da tumbi. Na shiga na tambaye shi na mene ne. Ya ce, “Gobe ki yi min farfesu. Na bar nama ƙafa ta ƙara kumbura, na ci ganye kamar akuya an ce min maƙaryaci. Ashe naman ne ma yake riƙe da ni.” Na ce Alhaji likita fa ya hana. Ya ce, “Na bi maganar likita, ga inda ta kai ni.” Na ce bari ni in haɗa masa irin kwanon Ummi, na ga yadda take yi. Ya ce in ya sake ganin zogale a ɗakinsa sai ranmu ya ɓaci.

Babu abin da zai sa ya koma kan kwanon nan sai ya san cewa ba a taɓa ba shi abincin yadda likita ya ce ba. Ni kaɗai zan iya faɗa masa haka. In na faɗa, zai san matarsa ce ta kwantar da shi ta kuma sa ’yarsa ta ƙaryata rantsuwarsa, kuma ban san ko aurena zai kai gobe ba. Ita kuma da sai yanzu ta fara zama kusa da ni, za ta san ina kallonta tana kuka na bar laifin a kan ubanta. In na yi shiru, gobe zai ci farfesun nan, in ban dafa ba a kwata za a dafa masa, ga ƙodarsa a yadda take. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ledar tana cikin firij. Da safe zai tambaya. Don girman Allah ku faɗa min, wa zan fara tunkara a cikinsu, kuma da wane baki? Me zan yi?